Ventimiglia: garin Italiya da ke cin arzikin iyaka, yake kuma ɗaukar nauyinta

Duk bayan wata shida gwamnatin Faransa kan sanar da hukumar Tarayyar Turai da ke Bruxelles cewa za ta ci gaba da binciken takardu a kan iyakokinta. Tun watan Nuwamban 2015 take yin haka, duk da cewa yarjejeniyar Schengen ta tanadi mutum ya wuce daga wata ƙasa zuwa wata ba tare da an tsayar da shi ba, in dai ƙasashen biyu na cikin yarjejeniyar. Binciken da aka ce na ɗan lokaci ne ya zama abin yau da kullum. Garin da ya fi ji a jikinsa kuwa yana cikin Italiya: Ventimiglia, wanda Faransawa ke kira Vintimille, gari mai mutum kimanin 23,000 a bakin tekun Bahar Rum, kilomita kamar takwas daga iyakar Faransa.

A labaran rediyo da talabijin, sunan garin ba ya fitowa sai tare da hoton matasan Afirka kwance ƙarƙashin gada. Amma garin ya girmi iyakar da shekaru dubu biyu, kuma wanda ya san yadda iyakar ta same shi zai fi gane abin da ya sa mutanensa suke raba wa baƙi abinci da safe, su kuma zaɓi masu neman a kore su ranar zaɓe.

Garin da duwatsu suka matse

Ventimiglia na cikin jihar Liguriya, a lardin Imperia, a ƙarshen arewa maso yammacin Italiya. Duwatsun Alpes sun gangaro har bakin ruwa a wannan wurin, abin da ya rage wa mutane shi ne ɗan siririn fili tsakanin dutse da teku. Hanyar mota da ta jirgin ƙasa duk ta nan suka bi, don babu wata hanya mai sauƙi. Kogin Roja, wanda ya taso daga duwatsun ɓangaren Faransa, ya raba garin biyu. Ta yamma akwai tsohon gari a kan tudu, mai ganuwa da lunguna matsattsu da babbar majami'ar da aka gina tun ƙarni na 11 zuwa na 12. Ta gabas akwai sabon gari, inda tashar jirgin ƙasa da kasuwa suke.

Mutane sun daɗe a wurin. A kogunan dutse na Balzi Rossi, dab da inda shingen iyaka yake yau, an tono ƙasusuwan mutanen da aka binne fiye da shekara 20,000 da suka wuce. Daga baya wata ƙabila da ake kira Intemeli ta kafa birninta, Rumawa suka ci ta da yaƙi a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka kira garin Albintimilium. Daga wannan sunan ne Ventimiglia ya samo asali, ko da yake a kunnen ɗan Italiya yana kama da “mil ashirin”. Kangon gidan wasan da Rumawa suka gina yana nan har yanzu a gefen gabas na garin. Marubucin tarihin Rum, Tacitus, ya ba da labarin yadda sojojin sarki Otho suka washe garin a shekara ta 69, lokacin da manyan Rum ke yaƙin neman sarauta, faɗan da mutanen garin ba su da hannu a ciki.

Irin wannan ya sha maimaituwa. A tsakiyar zamani garin yana da sarakunansa da tashar jiragen ruwansa, har birnin Jenowa ya ga ya zame masa kishiya, ya yi ta kai masa yaƙi sai da ya murƙushe shi a ƙarni na 13. A 1514 Jenowa ta miƙa mulkin garin ga bankin San Giorgio, wanda ya riƙe shi har 1562. A 1815 kuma, bayan faɗuwar Napoleon, manyan ƙasashen Turai suka haɗa Liguriya duka da masarautar Sardiniya ta gidan Savoie. A lokacin birnin Nice ma na cikin wannan masarautar, saboda haka mutumin Ventimiglia da ya je Nice bai fita daga ƙasarsa ba.

Yadda iyaka ta iso

A watan Maris na 1860 aka sa hannu kan yarjejeniyar Turin. Gidan Savoie ya ba Napoleon na Uku yankunan Nice da Savoie, ladan taimakon da ya yi masa a yaƙi da Ostiriya, yaƙin da ya buɗe hanyar haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya. Shekara guda bayan haka Menton, garin da ke maƙwabtaka da Ventimiglia ta yamma, ya koma hannun Faransa. Daga nan Ventimiglia ya wayi gari shi ne ƙofar Italiya. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu sojojin Faransa sun mamaye shi daga Afrilu zuwa Yulin 1945, da niyyar riƙe shi, sai da Amurka ta matsa wa Janar de Gaulle lamba kafin suka janye. Yarjejeniyar Paris ta 1947 ta bar garin ga Italiya, amma ta ba Faransa Tende da La Brigue da ke can saman kwarin Roja. Kwarin da mutanensa ke sauko da kayansu kasuwar Ventimiglia tun kaka da kakanni ya zama rabi a wannan ƙasa, rabi a waccan.

Iyakar ta zo da arziki. Jirgin ƙasa ya iso a 1872, tashar garin ta zama ta ƙasa da ƙasa, inda ake sauya jirgi ana binciken kaya. Ma'aikatan duwan, masu fitar da kaya, masu canjin kuɗi, ƴan sanda, masu masauki, ƴan sumoga, kowa ya samu abin yi. Attajiran Ingila suka riƙa zuwa shan iskar hunturu. Ɗaya daga cikinsu, Thomas Hanbury, wanda ya yi dukiya a kasuwancin Shanghai, ya sayi fili a La Mortola a 1867 ya kafa lambun itatuwa da har yau masu yawon buɗe ido ke ziyarta. Noman furanni ya bunƙasa a kan gangaren duwatsu. A shekarun 1950 da 1960 dubban talakawan kudancin Italiya, musamman daga Kalabriya da Sisiliya, suka kwararo neman aiki a gonakin furanni da gine-ginen Monako da Nice. Da yawa daga cikin mazauna garin na yanzu ƴaƴa da jikokin waɗannan ƴan ci-rani ne. Ƙungiyar ƴan daba ta Kalabriya, 'Ndrangheta, ita ma ta biyo sahu. A watan Fabrairun 2012 gwamnatin Roma ta rusa majalisar garin bisa zargin cewa ƙungiyar ta kutsa cikinta, kafin kotun ƙolin da ke duba ayyukan gwamnati ta soke wannan matakin a 2016.

Haɗewar Turai ta kashe wani ɓangare na wannan arzikin. Kasuwar bai ɗaya ta 1993 ta ɗauke aikin duwan, shigar Italiya tsarin Schengen ta ɗauke shingen ƙasa a 1998, takardar Yuro ta 2002 ta rufe shagunan canji. Babban filin ajiye taragon kaya da aka gina a bakin kogin Roja ya zama kufai. Abin da ya rage shi ne abin da buɗaɗɗiyar iyaka ke kawowa. Dubban mutanen garin da kewaye kan shiga jirgin asuba zuwa aiki a Monako da garuruwan bakin tekun Faransa, a otel-otel, asibitoci da wuraren gini, su dawo da yamma. Ranar Juma'a kuma Faransawa ne ke cika garin, don babbar kasuwar da ake ci a bakin teku mai rumfuna ɗaruruwa, su sayi tufafi, cuku, taba da barasa da suka fi araha a Italiya. Kwanan nan kamfanin tashoshin ruwan Monako ya gina tashar jiragen shaƙatawa ta Cala del Forte a gindin tsohon gari, aka buɗe ta a 2021, saboda tashoshin Monako sun cika.

Hanyar da ba sabuwa ba

Sama da ƙauyen Grimaldi akwai wata ƴar turba da ta bi ta gefen dutse zuwa Menton, ana kiranta Passo della Morte, wato mashigar mutuwa. Wanda ya ɓace hanya da dare, hasken birnin da ke ƙasa ya ruɗe shi, kan faɗa rami mai zurfi. Kafin ƴan Afirka su san ta, ƴan Italiya ne suka fara bin ta: masu adawa da Mussolini a shekarun 1920 da 1930, da talakawa masu neman aiki a Faransa ba takarda. A 1938 gwamnatin Mussolini ta kafa dokokin wariyar launin fata, ta ba Yahudawa baƙi wata shida su bar ƙasar. Dubbansu suka taru a wannan yanki, wasu suka bi dutse, wasu suka biya masunta su tsallakar da su da dare. Hukumomin Italiya na kau da kai don su rabu da su, ƴan sandan Faransa na kamawa suna mayarwa. Bayansu ƴan Yugoslabiya suka bi, sannan Kurdawa a shekarun 1990.

A 2011, bayan faɗuwar Ben Ali, dubban ƴan Tunisiya suka sauka a tsibirin Lampedusa. Gwamnatin Berlusconi ta ba su takardar zama ta wata shida, ta san sarai Faransa suka nufa. Ranar 17 ga Afrilun 2011 gwamnatin Sarkozy ta tsayar da jiragen ƙasan da ke fitowa daga Ventimiglia na tsawon sa'o'i. Wannan rigimar ce ta kai ga gyaran dokar Schengen a 2013, wanda ya faɗaɗa dalilan da ƙasa za ta iya kafawa ta mayar da bincike a iyakarta.

Daga 2015 zuwa yau

A watan Yunin 2015 Faransa ta fara tare hanya. Baƙi ɗaruruwa, akasarinsu ƴan Sudan da Eritiriya, suka hau duwatsun bakin teku na Balzi Rossi suka ƙi sauka, har sai da ƴan sandan Italiya suka tashe su a ƙarshen Satumba. Bayan hare-haren Paris na 13 ga Nuwamba, binciken ya zama na hukuma, da sunan yaƙi da ta'addanci.

Tushen matsalar shi ne dokar Dublin, wadda ta ɗora alhakin mai neman mafaka a kan ƙasar da ya fara takawa. Mutum 181,000 ne suka iso Italiya ta teku a 2016, sannan kimanin 157,000 a 2023, shekarar da ƴan Gine, Tunisiya da Kodibuwa suka fi yawa. Mai jin Faransanci da ke da dangi a Marseille ko Paris ba shi da dalilin zama a Italiya, haka ɗan Sudan da ke son kaiwa Ingila. Roma na cewa an bar mata kaya ita kaɗai, Paris na cewa Roma na barin mutane su wuce da gangan. A watan Nuwamban 2022, da Italiya ta hana jirgin ceto na Ocean Viking tsayawa har ya je Toulon da mutum kimanin 230, Faransa ta mayar da martani da ƙarin jami'ai 500 a kan iyakar. Wata guda bayan haka Italiya ta daina karɓar mutanen da ake mayar mata a ƙarƙashin dokar Dublin. A watan Oktoban 2024 firaministan Faransa na lokacin, Michel Barnier, ya zo Menton da kansa ya gana da ministocin Italiya, aka yi alƙawarin haɗa kai.

A aikace abin yana tafiya kamar haka. Jirgin da ya taso daga Ventimiglia kan tsaya a tashar farko ta Faransa, Menton-Garavan, ƴan sanda su shiga su sauke waɗanda ba su da takarda. Ƙungiyoyin kare haƙƙi sun daɗe suna zargin cewa launin fata ake dubawa kafin a nemi takarda. Ana kai waɗanda aka sauke ofishin ƴan sandan iyaka na gadar Saint-Louis, wani lokaci su kwana a ɗakunan kwano, da safe a miƙa su ga ƴan sandan Italiya. Su tako da ƙafa zuwa gari, su huta, su sake gwadawa. Akasari daga ƙarshe suna wucewa, a gwaji na uku ko na biyar, ko bayan sun biya mai tsallakar da mutane ya sa su a bayan babbar mota. Wasu ba su kai ba. Mutane gommai sun mutu a wannan iyakar tun 2015: wutar lantarki ta kama wasu a kan rufin jirgi, mota ta take wasu a cikin ramin babbar hanya, wasu sun faɗo daga dutse, wasu kogin Roja ya ci su.

Kotuna sun sha taka wa Faransa burki. A farkon 2018 kotun Nice ta yanke cewa mayar da yara ƙanana ba tare da bin ƙa'ida ba ya saɓa wa doka. Ranar 6 ga Yulin 2018 kotun tsarin mulkin Faransa, a shari'ar Cédric Herrou, manomin zaitun na kwarin Roja da ya riƙa saukar da baƙi a gonarsa, ta ce taimakon mutum don jinƙai yana da kariyar tsarin mulki, ko da mutumin ba shi da takarda. Ranar 21 ga Satumban 2023 kotun Tarayyar Turai ta ce ba a iya korar mutum daga iyakar cikin gida ba tare da bin matakan da dokar Turai ta shimfiɗa ba, kotun Conseil d'État ta Faransa ta bi bayanta a watan Fabrairun 2024. Faransa ta gyara takardun da take cikawa, ta koma dogaro da yarjejeniyar Chambéry ta 1997 da ke tsakaninta da Italiya. Mayar da mutane bai tsaya ba.

Gari mai zuciya biyu

Duk wanda aka mayar, Ventimiglia yake komawa. A watan Mayun 2016 wani limamin Katolika ɗan asalin Kolombiya, Rito Alvarez, ya buɗe majami'ar Sant'Antonio da ke unguwar Gianchette ga baƙi. Cikin wata goma sha biyar mutum kimanin 13,000 suka ci suka kwana a wurin, Musulmi da Kirista, matan unguwa na dafa musu abinci. A daidai wannan lokacin magajin garin, Enrico Ioculano na jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi, yana da dokar gari da ta hana raba wa baƙi abinci a kan titi bisa dalilin tsafta, wadda sai a watan Afrilun 2017 aka soke ta. Ƴan sanda kuma na cika motocin safa da mutane suna kai su Taranto, sama da kilomita 1,000 a kudu, don a rage cunkoso. Cikin ƴan kwanaki a sake ganinsu a gari. A watan Agustan 2016 an kwashi ƴan Sudan da dama daga nan aka mayar da su Khartum, bayan wata yarjejeniya tsakanin ƴan sandan ƙasashen biyu.

Sansanin da ƙungiyar Croix-Rouge ke kula da shi, wanda aka buɗe a 2016 a wancan kufan filin taragon kaya, an rufe shi a watan Yulin 2020. Tun daga nan maza ke kwana ƙarƙashin gadar da ke bakin kogi, Caritas da wasu ƙungiyoyi na ba su abinci da magani. A watan Mayun 2021 wasu mutum uku suka lakaɗa wa wani matashi ɗan Gine duka da sanduna a tsakiyar gari, aka ɗauki bidiyon. Maimakon a kula da shi a matsayin wanda aka zalunta, sai aka kai shi gidan tsare marasa takarda a Turin, inda ya rasu bayan mako biyu. A 2023 mutanen garin suka zaɓi Flavio Di Muro na jam'iyyar Lega mai adawa da baƙi, wanda ya sa masu gadi a maƙabartar gari don hana baƙi amfani da famfunan ruwanta.

Mai shago a Ventimiglia yana son iyaka a buɗe, domin abokan cinikinsa na ranar Juma'a daga Faransa suke zuwa, ɗansa kuma a Monako yake aiki. Yana kuma tsoron hoton mutanen da ke ƙarƙashin gada ya kore masa su. Ba shi ya rufe iyakar ba, ba shi da ikon buɗe ta, magajin garin da ya zaɓa ma haka. Abin da ƙuri'arsa ke iya sauyawa shi ne inda baƙin za su kwana da inda za su sha ruwa, shi ya sa siyasar garin ta koma kan famfo da bargo.

Ɗaya ƙarshen hanyar

Nijar ba ta cikin ƙasashen da ƴaƴansu suka fi tsallaka teku. Ɗan ci-ranin Tawa ko Damagaram ya fi nufar Libiya, Aljeriya ko Najeriya. Amma da yawa daga cikin ƴan Afirka ta Yamma da suka kwana ƙarƙashin gadar Roja ta Agadas suka bi. Garuruwan biyu an ɗora musu aikin gadi a shekara ɗaya: ranar 26 ga Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙi, bayan ƴan makonni Faransa ta tare hanya a Menton. A Agadas direbobi da masu masauki sun rasa sana'a, motoci suka koma bin ɓoyayyun hanyoyi nesa da rijiyoyi, kuɗin tafiya ya tashi, gawarwaki suka ƙaru a Tenere. Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar a watan Nuwamban 2023. Italiya, wadda ta yi bikin buɗe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2018 ta kuma turo sojojin horo a shekarar, ta ci gaba da hulɗa da hukumomin Nijar bayan fitar sojojin Faransa da na Amurka, kuma batun hanyar hamada na cikin manyan dalilanta.

Tarayyar Turai ta amince da sabon kundin dokokin baƙi da masu neman mafaka a watan Mayun 2024, ta tsayar da Yunin 2026 lokacin fara aiki da shi. Kundin ya tanadi tantance mutane cikin gaggawa a iyakokin waje, ya kuma ba sauran ƙasashe zaɓi: su karɓi wani kaso, ko su biya kuɗi. Sai dai bai cire ƙa'idar ƙasar farko ba, gyaran dokar Schengen na wannan shekarar kuma ya ƙara wa ƙasashe tsawon lokacin da za su iya riƙe bincike a iyakokinsu. Muddin haka ne, mutanen da Italiya ba ta damu ta riƙe ba, Faransa kuma ba ta son karɓa, za su ci gaba da taruwa a tashar ƙarshe kafin Menton. Muhawarar da ta rage a garin ita ce abin da za a yi da su: hukumomin gari na neman a tsaurara tsarewa da mayar da mutane ƙasashensu, Caritas da ƙungiyoyin agaji na neman a sake buɗe sansanin da mutum zai samu gado, wanka da lauya na ƴan kwanaki. Amsar tana hannun ma'aikatar cikin gida da ke Roma, wadda ta rufe na farkon a 2020.